Yashi a Kan Komayen Baba

Fatakwal,
6 ga Afrilu.

Adda Hikima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kun yi Sallah lafiya. Yaya jikin Baba? Yaya zafi? Na ji an ce bana Gombe ba a magana. Ki gaida maigidanki Malam Mudathir da yara, ki yi masa godiya a madadina da ya bar ki kike zaune a Barunde duk watannin nan. Mu nan lafiya lau, Batul tana gaishe ki ƙwarai.

Kin ce in daina kiranki ina tsaye a bakin aiki ina ce miki zan sake kira, in ina da magana in zauna in rubuta. To ga shi na rubuta. Na ba Suhaibu direba, ya ce zai kawo miki har gida.

Na san ranki ya ɓaci da ban zo Sallah ba. Na nemi hutu ba su ba ni ba, kuma na san ko na faɗa ba zai rage miki komai ba.

Ga maganar. Filin nan na baya, inda Baba yake lambu, na san tun da ya kwanta ba wanda ya taɓa shi. Ina so ki sa a share shi, a gyara, a daidaita ƙasar kafin ruwa ya sauka. Ina da niyya a kansa saboda Baba. Ina ganin zai ji daɗi, ke ma za ki samu sauƙi. Ba na so in faɗa tukuna sai komai ya tabbata, don na sha yi miki alkawari ban cika ba.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya saka miki.

Ƙaninki,
Zaharadeen.

Barunde, Gombe,
25 ga Afrilu.

Zaharadeen,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Muna nan lafiya gwargwado. Hawan jinin Baba ya ɗan sauka, ɓarin dama dai yana nan yadda ka bar shi, ba hannu ba ƙafa. Ni kuwa ciwon bayan nan ne, wata rana ya bar ni, wata rana ya hana ni ruku'u. Maganar Sallah na bar ta, ba ni da ƙarfinta.

Sau uku na karanta maganar filin baya, don ban yi zaton kana tunawa da shi ba. Kai kana makarantar kwana lokacin da muke ɗauko ƙasa a kwano daga kwari, ni da Baba, muna zubawa a wurin nan. Jigawa ce zalla da ya sayi gidan, ko ciyawa ba ta fitowa. Shekara talatin yana ciyar da ita har ta koma baƙa.

Ban sa kowa ba, ni na yi. Ka san Baba bai taɓa barin ɗan ƙwadago ya sa masa fartanya a ciki ba. Na fito da shi a kujerarsa ƙarƙashin mangwaro, na fara da shara. Leda kawai da iska ta tara ta cika buhu biyu, ga fasassun kwalabe, ga busasshen karan kuɓewar bara yana tsaye. Na ƙone abin ƙonewa na ajiye tokar. Ranar farko kallona kawai yake yi. Rana ta biyu da na fara kaftu sai na ji yana buga sandarsa a ƙasa da hannun hagu. Na waiwaya, ya girgiza kai. Wai ban nitsa fartanyar ba, sama-sama nake yi. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, rabon da ya yi mini faɗa wata takwas ke nan.

Kawu Babayo ya kawo mana taki daga ruga a a-kori-kura, tsohon taki wanda ya riga ya ruɓe, don ya ce ɗanye ƙone saiwa yake yi. Na gauraya shi da toka na juye da ƙasa. In na gama wuri sai in damƙo ƙasar in kai wa Baba. Ya matse ta a tafin hannu, ya buɗe ya ga yadda take wargajewa, ya shinshina. A karo na uku ya dube ni ya ce, "Ƙara." Ka san tun da abin nan ya same shi daga "ruwa" sai "Allah" yake iya faɗa. Na juya baya kamar ina neman kwando don kada ya ga fuskata.

Yanzu komi takwas ne, huɗu nan huɗu can, na ɗaga bakinsu don kada ruwan farko ya kwashe takin. Na bar hanya a tsakiya mai faɗin kujerarsa, in an yi shuka in riƙa tura shi ciki. Debby, 'yar abokinsa na Herwagana mai sayar da ganye a kasuwa, ta zo duba shi ta tarar da ni cikin ƙasa. Ta tuɓe takalmi ta taya ni yini guda, washegari ta aiko da iri: alayyafo, yakuwa, rama da kuɓewa. Tumatir da attarugu na yafa su a tsohon baho ina ba su ruwan alwala, sun fara tsirowa. Ruwa kawai muke jira. Tafin hannuna duk ya yi bororo ya fashe, amma Baba yana cinye tuwonsa, kuma da asuba shi yake nuna mini ƙofa da sanda.

Ban saba gode maka ba, amma wannan karon ka yi tunani. In niyyar taka tanki ce ko famfo, kamar yadda nake zato, ka ce musu kusurwar gabas za a sa, na bar wurin ban taɓa ba.

Yayarka,
Hikima.

Fatakwal,
27 ga Afrilu.

Adda Hikima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da Baba da ke da mutanen gida. Shiru ban ji daga gare ki ba. An ce motar Suhaibu ta lalace a hanya, shi ya sa na ba wani direban wannan takardar. Na kira sau biyu ba ki ɗauka ba, ban yi mamaki ba.

Abin ya tabbata, yanzu zan iya faɗa. Ɗaki zan gina wa Baba a filin baya, ciki da banɗaki a haɗe, ba matakala ko ɗaya, da ƙarfen riƙewa a jikin bango tun daga bakin gado. Na ga irinsa a wani asibiti a nan. Mai shanyewar ɓari ɗaya yana iya dafawa ya kai kansa. Tun ranar da kika ce mini kun faɗi tare a tsakar gida kina kai shi makewayi abin yake cina.

Na gama magana da Dalhatu mai gini, wanda ya yi katangar masallacin unguwa. Ranar Laraba zai kawo yashi da tsakuwa da bulo ta ƙofar baya. Na gaya masa an riga an share wurin. Ba abin da za ki yi, ko ruwan sha kada ki wahalar da kanki, na ce su zo da nasu. In an yi sauri za a rufa kafin ruwa ya kankama.

Ki gaya wa Baba a hankali. Ina so in ji yadda fuskarsa ta yi.

Ƙaninki,
Zaharadeen.

Barunde,
6 ga Mayu.

Zaharadeen,

Salamu alaikum. Kana tambayar lafiya. Baba yana da ƙulu a goshi da ƙujewa a gwiwar hannu. Kwana shida bai fita ɗaki ba.

Takardarka ta iso ranar Juma'a. Tifa ta iso ranar Laraba.

Kana so ka ji yadda fuskarsa ta yi, to bari in gaya maka. Ranar Laraba da safe na tafi asibiti karɓo maganinsa. Na bar shi ƙarƙashin mangwaro yana fuskantar komayen, don nan yake so, na roƙi matar maƙwabci ta riƙa leƙa shi. Layi ya yi tsawo, ban dawo ba sai kusan azahar. Tun daga bakin layinmu na ga sawun tayar babbar mota.

Dalhatu da kansa ya ba ni labari, yana ta rantse-rantse. Ya ce sun buɗe ƙofar baya, ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambaye shi ina za a juye. Baba ya ɗaga sanda yana nuna komayen yana girgiza ta. Shi kuma ya ɗauka cewa yake yi a juye nan. Ya ce ya ga ƙasar a gyare, ya ɗan yi shakka, amma ya tuna ka ce masa an riga an share. Tifa ta ja da baya ta bi ta kan komi huɗu, ta juye yashi a kan sauran. Tsakuwa ta biyo baya. Bahon tumatir yana ƙarƙashi, ban ma ga bakinsa ba.

Da Baba ya ga motar tana ɗaga baya sai ya yunƙura zai tashi. Mutumin da wata takwas bai tsaya da ƙafarsa ba. Ya kifa da goshi. Su suka ɗaga shi suka mayar kan kujera, suka karkaɗe masa gemu, sannan suka ci gaba da sauke bulo, don an ce musu aikin gaggawa ne.

Da na shigo bai dube ni ba. Sandar tana ƙasa bai nema ba. Na tura shi ɗaki, ya juya fuska bango, haka yake har yau. Tuwon da yake cinyewa yanzu loma uku ce.

Layi ɗaya ya gagare ka, Zaharadeen. Da ka rubuta "gini zan yi" a takardar farko, da ban taɓa fartanya ba, da Baba yana nan yadda yake, bai samu ba balle a ƙwace masa. Amma kana so ka yi mana bajinta, a buɗe ido a ga ɗan Fatakwal ya yi abin kirki. Gidan da nake kwana nake tashi, nake wanke mai gidan, a kansa ka yi shawara da Dalhatu mai gini, ni kuwa aka ce in sa a share. Haka kake tun kana yaro. Kai ne mai niyya, ni ce mai shara.

Na kori Dalhatu. Na ce in ya sake sa ƙafa a gidan nan sai na tara masa unguwa. Yashinka yana nan, ka zo ka kwashe abinka.

Hikima.

Fatakwal,
14 ga Mayu.

Adda,

Wa alaikumus salam. Yaya goshin Baba? An duba ko akwai targaɗe a hannun? Don Allah ki amsa mini wannan ko da ba za ki amsa sauran ba.

Takardunki biyu rana ɗaya suka zo hannuna, Suhaibu ya haɗo su. Na fara da ta farko, ina karanta yadda Baba ya ce "ƙara" ina murmushi ni kaɗai a tasha, sai na kai wurin tanki da famfo, na gane ba ki san gini ba ne. Ta biyun a tsaye na karanta ta. Ranar ban koma wurin aiki ba.

Na yi kuskure da ban faɗa ba tun farko. Na yarda, kuma ban san da wane ido zan dubi Baba ba. Amma bajinta, Adda? Ke kika ce mini a watan Disamba kun faɗi tare, kika ce kin fi rabin awa a ƙasa kina jiran wani ya shigo ya ɗaga ku. Kika kashe waya. Me kike so in yi da wannan maganar a nan? Na ce a kawo mai jinya, kika ce baƙo ba zai ga tsiraicin Baba ba. Na ce in ɗauko shi Fatakwal, kika ce in jira ya mutu in ɗauki gawar. Duk abin da na kawo sai ki ture, sannan ki ce ban yi komai ba. Shi ya sa na ɓoye wannan, don na san in na faɗa za ki kashe shi tun a baki. Kuma na rubuta a daidaita ƙasa. Wa yake daidaita ƙasa don ya shuka alayyafo?

Makarantar kwana ma ba ni na kai kaina ba. Ina shekara goma sha ɗaya aka sa ni a mota ina kuka. Kin ɗauki ƙasa a kwano, gaskiya ne, amma kin samu Baba. Ni ban san yadda yake matse ƙasa a hannu ba sai a takardarki.

Na gaya wa Dalhatu ya dakata. In kin ce a kwashe yashin, gobe za a kwashe. Sai dai ki sani babu wani wuri a gidan da ɗakin zai shiga in ba nan ba, na auna da kaina zuwana na ƙarshe. Ni da ke mun yi ta yanke masa hukunci, ba wanda ya tambaye shi. Bakinsa ne ya mutu, hankalinsa yana nan. Ki tambaye shi, lambu ko ɗaki. Abin da ya ce shi za a yi.

Ƙaninki,
Zaharadeen.

Fatakwal,
9 ga Yuni.

Adda Hikima,

Assalamu alaikum, barka da Sallah. Ina fatan ragon ya iso lafiya. Yau kusan wata guda ba takarda, ba waya. Malam Mudathir ya ce mini Baba yana nan da sauƙi, ya ce sauran magana sai daga bakinki. Na ji an yi ruwa mai ƙarfi a Gombe. Ko layi biyu ne ki rubuto, ko zagi ne.

Zaharadeen.

Kumbiya-Kumbiya, Gombe,
20 ga Yuli.

Zaharadeen,

Wa alaikumus salam. Goshin Baba ya warke, hannun ba targaɗe. Rago ya iso, an yanka, ya ci hanta. Ka ga daga inda nake rubutowa, na koma ɗakina.

Ban tambaye shi ba sai da aka yi Sallah. Makonni uku ina ɗaga maganar, ina ce wa kaina bai da ƙarfi. Ruwan farko ya zo ya baje yashin ya rufe filin gaba ɗaya. Duk da haka in na samu sarari sai in ɗauki shebur in kwashe kaɗan daga gefe, ina ganin zan ceto ko komi biyu ne.

Kawu Babayo ya zo yawon Sallah, ya gan ni da shebur, ya tambaya, na gaya masa komai har da takardarka. Ya ce yaron ya yi gaskiya, a tambayi mai gida. Muka shiga. Kawu ya zauna bakin gado ya yi masa bayani da Fulatanci, ka san yanzu ya fi kama shi da sauri. Ya ce in lambu yake so, shi zai kawo mutane su kwashe yashi, ya sake kawo taki, kuɓewa da yakuwa ba su makara ba. Ni ina tsaye bakin ƙofa, na riga na san amsa, har ina shirya yadda zan rubuto maka ita.

Baba ya daɗe yana kallon rufi. Sannan ya ce, "A gina."

Na ce bai gane ba ne, a sake tambaya. Kawu ya sake. Baba ya maimaita, a fili, ya fi na farko fita. Sai ya yi ta ƙoƙarin wata magana, kalma ɗaya-ɗaya, Kawu ya kai kunne bakinsa. Da suka gama Kawu ya ce in fito waje. A zaure ya gaya mini, bai dube ni ba. Ya ce Baba ya ce yana son lambunsa, amma wata tara ke nan 'yarsa mace tana kwance masa wando. Ya ce kullum in na ɗaga shi yana jin nishina, yana rufe ido yana roƙon Allah Ya ɗauke shi kafin gobe. Ya ce ba aikina ba ne, tun farko ba aikina ba ne. Ka san aikin wa yake nufi, ba sai na rubuta ba.

Ni na je har gida na ba Dalhatu haƙuri. Sun haƙa harsashi, baƙar ƙasar suka yi ciko da ita aka daɓe da siminti. Kwana ashirin da shida suka rufa. Ɗakin ya yi kyau, ba zan yi maka ƙarya ba. Ranar da muka mayar da shi, ya kama ƙarfen da hannun hagu, ya ja ƙafar, ina binsa a baya hannuna a buɗe. Ya fi minti goma kafin ya kai banɗakin. Da ya shiga sai ya tura ƙofar da kafaɗa ya rufe, ya bar ni a waje. Da ya fito gumi ya jiƙa rigarsa, amma ya dube ni ido cikin ido, abin da ya daina tun da ya kwanta. Bayan kwana uku ya ce da ni, "Gida." Kawu ya kawo Goggo Delu ta zauna da shi, tana dafa masa abinci. Ni ina zuwa da safe in dawo da la'asar.

Akwai abin da ban gaya maka ba a takardar da na zage ka. Na ce Baba aka yi wa ɓarna. An yi masa, amma ba shi kaɗai ba. A duk watannin nan, mako uku ɗin nan ne kawai na tashi da safe ina ɗokin wani abu. Ba wanki ba, ba magani ba, ba fo ba. Aiki ne da na iya, ubana yana kallo yana gyara mini, kamar ina 'yar shekara goma sha biyu. Na so in ga alayyafon nan ya fito. Don kaina na so, na fake da shi. Da ya ce a gina, haushinsa na ji, tsoho marar lafiya, har na kwana biyu ina ba shi abinci ban yi masa magana ba. Wannan kuma tsakanina da Allah ne.

Ka ce in rubuto ko zagi ne. Ba ni da zagi. Kai ne ka yi daidai, na rubuta da hannuna don kada a ce na ɓoye. Baba ya samu sauƙi, bayana ya samu sauƙi, kowa a unguwa yana sa maka albarka. Ni dai kada ka jira godiyata bana. Na nema, ban same ta ba.

Ka gaida Batul.

Yayarka,
Hikima.